Ya ce ni na sa masa ciwon sanyi, alhali ba na jin komai a jikina

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke cikin garin Kaduna, shekaruna 21, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai nake zaune. Akwai wanda muka yi kusan shekara muna soyayya, ya yi mini alkawarin aure, kuma shaiɗan ya shiga tsakaninmu har sau uku, na ƙarshe kusan mako biyu ke nan. Ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi. Shekaranjiya ya kira ni yana faɗa, ya ce wani ruwa kamar mugunya yana fito masa, fitsari yana yi masa zafi, mai kemis ya ce ciwon sanyi ne, kuma wai ni na sa masa. Ni kuwa ba na jin komai. Ƙawata ta ce ƙila a banɗakin makaranta na kwaso, in sayi Ampiclox da Flagyl in sha, in riƙa kama ruwa da ruwan gishiri da Dettol. Ina jin kunyar zuwa asibitin makaranta domin akwai 'yar unguwarmu da ke aiki a can. Shin da gaske ana ɗaukar wannan ciwo a banɗaki? Tunda lafiyata ƙalau, dole ne sai na je asibiti? Kuma ta yaya zan kare kaina nan gaba? Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na sakaya sunanki da na makarantarki kamar yadda kika roƙa. Ba zan cika miki kunne da wa'azi ba, domin yadda kika rubuta ya nuna mini kin san abin da addini ya ce, kuma kin riga kin yi wa kanki faɗan da ya fi wanda zan yi miki zafi. Tuba tsakaninki ne da Ubangijinki, ƙofarta kuma a buɗe take ko da tsakar dare ne. Abin da nake so mu tsaya a kansa yau shi ne jikinki, saboda duk makon da kika ƙara kina jiran wata alama ta bayyana, idan ƙwayar cutar tana nan to ƙara samun wurin zama take yi.

Kin ce lafiyarki ƙalau tunda ba ki jin komai, kuma a nan ne kuskuren da ya fi cutar da 'yan mata yake. Abin da saurayinki ya kwatanta, wato fitar mugunya da zafin fitsari, ya yi kama da gonoriya ko kilamidiya, kuma sau da yawa su biyun tare suke tafiya. A jikin namiji gonoriya ba ta cika iya ɓuya ba, domin a bututun fitsari take zama, cikin 'yan kwanaki sai zafi ya tona mata asiri. A jikin mace kuwa bakin mahaifa take kamawa, can ciki, inda babu ciwon da zai tashe ki daga barci. Mata da yawa masu ɗauke da gonoriya, da mafi yawan masu ɗauke da kilamidiya, ba sa ganin komai ko kaɗan. Suna zuwa lacca, suna rubuta jarrabawa, suna zuwa biki, a daidai lokacin da ƙwayar ke hawa daga bakin mahaifa zuwa mahaifar kanta, daga nan zuwa bututun nan guda biyu da ƙwai ke bi. Idan ta kumbura su ta bar tabo a cikinsu, bututun na iya toshewa. Sai bayan shekaru, an yi aure, dangin miji sun fara ƙirga watanni, sannan a tarar ciki ya ƙi shiga, ko ya shiga amma ya zauna a cikin bututu maimakon mahaifa, abin da kan kai mace ɗakin tiyata cikin gaggawa. Mace mai gonoriya da ta haihu ba tare da an yi mata magani ba tana iya shafa wa jaririnta a ido, har ya kai ga makanta. Abin takaicin shi ne duk wannan ɓarna ana iya tare ta da allura ɗaya da ƙwayoyin mako guda, idan an zo da wuri.

Kalmar sanyi ita kanta tana daga cikin abin da ke ruɗa mu. Mu Hausawa mun tara abubuwa da yawa a buhu ɗaya mun rubuta masa sanyi: ciwon gaɓoɓi sanyi, ciwon mara lokacin al'ada sanyi, ƙaiƙayin gaba sanyi, gonoriya ma sanyi. Shi ya sa mace za ta ce tana da sanyi a gaban surukarta ba tare da ta ji nauyi ba, kuma shi ya sa mai ɗauke da cutar da ake ɗauka ta saduwa zai ɗora laifin a kan ruwan randa ko kwanciya a siminti. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ke samun mata, har da waɗanda ba su taɓa sanin namiji ba, wanda wani nau'in fungas mai suna kandida ke kawowa. Wannan ba sai an sadu ake samun sa ba, kuma zafi da gumi da matsattsun kamfai na roba da yawan shan antibayotik suna tayar da shi. Gonoriya da kilamidiya da tunjere kuwa hanyarsu daban ce.

Wannan ya kawo mu maganar banɗaki. Na san halin da banɗakunan ɗalibai ke ciki, musamman idan ruwa ya ɗauke kwana biyu, kuma ban ga laifin wadda ta tsani shiga ba. Amma ƙwayar gonoriya ba ta da juriya a wajen jikin mutum. Tana bukatar ɗumi da danshi irin na cikin jiki, da zarar ta bushe a kan siminti ko tangaran sai ta mutu. Ba a ɗaukar ta a masai, ba a ɗaukar ta a buta ko bokitin wanka. Labarin cutar banɗaki ya yi kasuwa ne domin yana rufa wa kowa asiri, ita mace ba ta faɗi abin da ya faru ba, shi namiji ba a tambaye shi inda ya je ba.

Game da zargin da ya yi miki kuwa, idan abin da kika rubuta mini haka yake, cewa ba ki taɓa sanin wani namiji ba sai shi, to lissafin ba shi da wuya. Cutar ba ta tsirowa da kanta a jikin mutum, daga wani jikin take zuwa. Wanda ya kira ki yana ɗaga murya ya san wannan, ko kuma ya kamata ya sani, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ba zan yanke miki hukunci a kan alkawarin aurensa ba, wannan naki ne. Sai dai ki lura da cewa a ranar da ya gano yana ɗauke da ciwon da zai iya hana ki haihuwa, bai ce ki zo ku tafi asibiti ba, neman wanda zai ɗora wa laifi ya yi.

Shawarar ƙawarki ta fito daga zuciya mai kyau, amma kada ki bi ta. Kowa ya san yadda ake yi a kemis na unguwa: mutum ya sunkuyar da kai ya ce a haɗa masa na sanyi daidai kuɗinsa, mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daga wannan kati, shida daga wancan, ya ƙulle a leda ba tare da ya tambayi komai ba. Ampiclox ba shi ne maganin gonoriya ko kilamidiya ba, Flagyl kuma wasu cututtukan daban yake yi wa aiki. Ƙwayar gonoriya ta shahara a duniya wajen koyon kauce wa magani, ta riga ta gagari fenisilin da wasu magungunan da a da suke kashe ta cikin sauƙi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin ƙwayoyin cutar da ake fargabar su gagari duk maganin da ake da shi. Irin wannan shan magani rabi da rabi yana cikin abin da ya koya mata. Yakan rage zafi na ɗan lokaci, mutum ya zaci ya warke, ya ci gaba da yaɗawa. Akwai kuma wata illar da ta shafe ki kai tsaye: idan kika sha antibayotik kafin a ɗebi abin gwaji, sakamakon na iya fitowa babu komai alhali akwai.

Haka nan masu motocin da ke tsayawa a bakin tasha da kasuwanni da lasifika, suna jera jarkoki da ƙulle-ƙullen gari, suna lissafa cututtuka goma sha biyu da kwalba ɗaya ke warkarwa. Ki saurara da kyau wata rana idan kin bi ta Kawo ko Kasuwar Barci, za ki ji sunan sitaf, wato ƙwayar Staphylococcus, ya fi kowane suna yawa a bakinsu. Ƙwayar da suke nufi tana zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, kuma sau da yawa idan ta fito a takardar gwaji daga fata ta shiga abin da aka ɗiba. An mayar da ita dodo ana karɓe kuɗin ɗalibai, cutar gaskiya kuma tana ciki tana aikinta.

Ruwan gishiri da Dettol ma ki bar su. Gaban mace yana da wasu ƙwayoyi masu amfani da ke tsare shi, kuma wanke ciki da sinadari ko sabulu, ko cusa kayan matsi, yana kashe su ya kuma ƙuje fatar wurin, ta yadda cuta za ta fi samun hanyar shiga. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar. Ba kuma wankin da zai kai inda gonoriya take.

Saura maganar kunya. Ma'aikacin lafiya ba shi da izinin fitar da sirrin mara lafiya, amma na fahimci cewa sanin doka daban, haɗa ido da 'yar unguwarku a layin karɓar kati daban. To Kaduna ba ƙauye ba ce. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, akwai Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, akwai Gwamna Awan a Kakuri, akwai babban asibitin Kawo, ga asibitoci masu zaman kansu. Ki zaɓi wanda ya yi nisa da unguwarku, ki hau Keke Napep ki tafi. Idan kin fi sakewa da mace, ki nemi a haɗa ki da likita mace ko ma'aikaciyar jinya. Idan kin shiga kada ki ce kawai kina jin sanyi, domin za a iya sallamar ki da maganin da bai dace ba. Ki faɗi gaskiya a jimla ɗaya: wanda na sadu da shi mako biyu da suka wuce yana fitar da mugunya, ni ba na jin komai. Wannan jimlar ta ishi likita ya san abin yi. A ƙa'ida ana yi wa abokin saduwar mai irin wannan ciwo magani ko da bai nuna alama ba, yawanci allura ɗaya saboda gonoriya da ƙwayoyin kwana 7 saboda kilamidiya. Da gangan na ƙi rubuta miki sunayensu, don kada ki tsaya a kemis. Ki gaya masa ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, a yi miki gwajin ciki, saboda akwai maganin da ba a bai wa mai juna biyu.

A wannan zuwan ki nemi a gwada jininki na HIV da tunjere da ciwon hanta nau'in B, domin ƙofar da gonoriya ta shigo ita ce ƙofarsu, kuma kumburin da take haddasawa yana sauƙaƙa wa HIV shiga. Gwajin HIV bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Za a goge miki ɗan yatsa da auduga, a tsira masa ɗan tsinke, a ɗiga jinin a kan wani ɗan siririn kati, ki zauna kamar minti 15 zuwa 20 ki ga sakamako da idonki. A asibitocin gwamnati kyauta ake yi. Sai dai ki sani irin wannan gwajin ba ya ganin cutar da ta shiga jiya, jiki yana bukatar lokaci kafin ya nuna, don haka ko ya fito babu komai, ki sake yi idan wata 3 ya cika daga ranar saduwarku ta ƙarshe. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, wato mafi rinjayen waɗanda ke zuwa gwaji da faɗuwar gaba suna komawa gida da labari mai daɗi. Wanda kuma aka samu yana da ita, magani kyauta ne, yana iya yin karatu da aure da haihuwar 'ya'ya masu lafiya, kuma idan ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba ya shafa wa abokin aurensa. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu HIV wariya a makaranta ko wurin aiki. Tunjere kuwa da ɗan gyambo marar zafi yake farawa, ya warke da kansa mutum ya manta, shi kuma ya ci gaba da zama a jini shekaru, har ya iya kashe ɗan tayi a ciki. Allurar fenisilin tana maganinsa.

Shi ma saurayin naki dole ne ya ga likita, abin da mai kemis ya ƙulla masa bai isa ba, kuma duk wata da ya sadu da ita cikin wata biyun da suka wuce tana bukatar a sanar da ita. Ki tura masa wannan a rubuce, a taƙaice, ba sai kin shiga musu da shi ba. Wanda ya warke daga gonoriya yana iya sake ɗaukar ta gobe, domin jiki ba ya riƙe garkuwarta.

Kin tambayi yadda za ki kare kanki nan gaba. Abin da malamin addini zai faɗa miki da abin da likita zai faɗa miki sun haɗu a farkon amsar: hanyar da babu shakka a cikinta ita ce barin saduwa har a yi aure, sannan ku biyun ku yi gwaji kafin ɗaurin auren, a asibitin da kuka je tare, ba takardar da ango ya kawo a aljihu ba. Ita nake zaɓa miki. Na san kuma niyya kaɗai ba ta riƙe mutum, sai ya canza hanya. Ɗakin abokinsa da ke wajen makaranta, da fita bayan magariba a motar da ba ki san inda za ta tsaya ba, da liyafar da ake miƙa wa mutum abin sha a buɗe, nan ne niyya ke karyewa, don haka tun daga nesa ake kauce musu.

Amma da yake ba ke kaɗai ke karanta wannan shafi ba, kuma na san akwai waɗanda za su karanta su koma inda suka fito, ba zan ɓoye sauran bayanin ba, ko da wasu za su ga baikona. Kwaroron roba, idan an sa shi tun daga farko har ƙarshe kuma a kowane lokaci, yana tare HIV da gonoriya da kilamidiya ƙwarai. Kariyarsa ba ta cika ba a kan cututtukan da ke bin gogayyar fata, irin su tunjere da HPV, ƙwayar da ke kawo kansar bakin mahaifa, da ƙurajen hapis, saboda akwai wurin da ba ya rufewa. Ana duba ranar lalacewarsa, ba a ajiye shi a aljihun baya ko cikin mota a zafin watan Maris, ba a shafa masa Vaseline ko man kaɗanya ko wani mai domin mai yana cinye robar, ba a haɗa biyu, ba a maimaita ɗaya. Namijin da ya ce sa shi alamar rashin yarda ce, a tuna masa cewa shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin jininsa ba idan bai yi gwaji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke ɗaukar irin waɗannan cututtuka masu warkuwa a kowace rana, kuma mafi yawansu ba su da wata alama. Tsabtar shadda da ƙamshin turare ba sa nuna komai. Ƙwayar Postinor da 'yan mata ke sha washegari kuma ciki kawai take hanawa, ba ruwanta da cuta, haka ma allurar tsarin iyali.

Akwai abin da ya kamata kowace ɗaliba ta riƙe a ka, wato awa 72. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wadda ta sadu da wanda take zargin yana da HIV, akwai maganin kariya da ake kira PEP wanda ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin kwana uku, kuma gara a ranar farko. A gare ki wannan lokacin ya wuce, amma wata rana wata za ta buga miki ƙofa da dare tana kuka. Ki san cewa akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, wadda aka buɗe domin waɗanda aka ci zarafinsu.

Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV saurin kamuwa nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta yawa a ƙasar nan, kuma shi ba ta saduwa kaɗai yake bi ba. Rezar da kuke karɓa-karɓa a ɗaki, da abin yankan farce, da allurar hujin kunne ko hanci da wata ke yi wa kowa a kan gado ɗaya, duk hanyoyi ne. Yana da allurar rigakafi, sau uku cikin wata 6 ga babba. Ki tambayi mahaifiyarki ko katin rigakafinki na jarirai yana nan, idan babu tabbas kuma gwajinki ya nuna ba ki da ciwon, ki fara allurar. HPV kuwa ita ce sanadin kusan dukkan kansar bakin mahaifa. Tun watan Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Ke kin wuce wannan rukuni, sai dai ki tambayi likita ko za ki iya samu da kuɗinki, amma idan kina da ƙanne mata a gida ki tabbata an kai su.

Gobe da safe, kafin lacca ta farko, ki tafi. Kada ki sha kowane magani a daren nan, kada ki wanke ciki da komai, ki rubuta ranar saduwarku ta ƙarshe da ranar al'adarki ta ƙarshe a 'yar takarda domin idan gaba ya faɗi mutum kan manta. Idan kafin lokacin kika ji ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, ko kika ga jini ba lokacin al'ada ba, kada ki jira gari ya waye. Ita ƙawar taki da ta san sirrinki, ki roƙe ta ta raka ki, kuma idan kun isa ki ce ita ma ta miƙa yatsanta a gwada. Idan sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, Allah ya ba ki lafiya.